Zanzaron Gero Na Gari Duka Ne

Duk manomin gero ya san tsutsar zangarniya, wadda a wajen Maraɗi a ke kira murzuna. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, ta kan zuba ƙwai a kan gero daidai lokacin da ya ke fid da kai. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta shige ƙarƙashin bununi, ta yi ta yanka tana kewaya zangarniya kamar an naɗa rawani. In ta ƙoshi sai ta sauka cikin ƙasa ta kwanta har damina ta dawo. Tun farin 1972 zuwa 1974 ɓarnarta ta yi tsanani, har wata shekara ta kan ci fiye da rabin gona.

To, Allah bai saukar da cuta ba sai da magani. Akwai wani ɗan zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba ya kuwa harbin mutum. Masana suna kiransa Habrobracon hebetor. Macen ta kan harbi tsutsa ta sandare, sa'an nan ta yi ƙwai a jikinta. 'Ya'yan su tsotse tsutsar sarai, cikin kwana goma ko kusa da haka sun zama manya sun tashi neman wata. Wanda ya taɓa fasa ɗakin zanzaro a jikin bango ya ga tsutsotsi jibge a ciki, ai ya san irin aikin.

Tun 2006 ma'aikatan INRAN na Maraɗi, da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, su ke sakinsa a ƙauyuka. Dabarar ba wuya. 'Yan ƙananan buhunan algarara ne, a zuba gero da tsutsar hatsi da matan zanzaro kaɗan, a ɗaure, a rataya. 'Ya'yan da suka fito sai su bi ta kafofin buhu su bazu. Buhu 15 ya kan ishi gonakin da ke kewaye da gari har wajen mil 3.

Wani zai ce, an taɓa yi? An yi. A 1981 Hans Herren da abokan aikinsa na IITA a Ibadan suka saki wani ɗan zanzaro da aka samo daga Faraguwai, don farin ƙwaron da ya so ya ƙare rogon Afirka. Ya zauna, ya yaɗu, rogo ya tsira. Amma rogo yana gona rani da damina, zanzaronsa ba ya rasa abinci. Gero ba haka ba ne. Da rani murzuna tana ƙarƙashin ƙasa, zanzaro ya ragu ƙwarai, sabo da haka tilas a sake sakinsa kowace shekara.

Nan fa gizo ke saƙa. Zanzaro bai san iyakar gona ba. In Malam Wane ya sayi buhu, maƙwabcinsa da bai ba da ko sisi ba shi ma ya sami rabo. Kowa kuwa ya zauna jiran wani, ba mai saye. Har wa yau, in mutum ɗaya ya ɗauko famfo ya yi feshi, ya kashe zanzaron jama'a, alhali tsutsar tana ɓoye cikin zangarniya maganin bai cika kai mata ba. Ya yi asarar kuɗinsa, ya jawo wa wasu.

Abin da ya kamata shi ne a mai da shi aikin gayya. Mai gari da ƙungiyar manoma su sa kowane gida ya ba da ɗan abinsa tun da kaka, ko da tiya ɗaya ce, lokacin da rumbu ke cike hannu bai yi nauyi ba. A Nijar akwai ƙungiyoyin da suka koyi kiwon zanzaron suna sayarwa, 'yan kasuwa ma suna iya duba wannan. Malamin gona ya faɗi ranar ratayawa, a kuma yi shela kada kowa ya yi feshi bayanta. Sai dai a yi odar buhunan tun gero bai yi ciki ba, gama zanzaro mai rai ne, ba a ajiye shi a kanti kamar taki.