Koriyar rigar Girmay da keken da muke jin kunyar hawa

Ranar 1 ga Yulin 2024, a birnin Turin na Italiya, wani saurayi ɗan Eritiriya mai shekara 24, Biniam Girmay, ya riga kowa tsallake layi a zango na uku na gasar Tour de France. Zangon ya kai kilomita 230, wato kusan Kano zuwa Kaduna, a kan keke, cikin yini guda. Shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya taɓa cin zango a gasar da aka fara tun 1903. Ya ƙara cin zango na 8 da na 12, kuma da aka kammala a birnin Nis ranar 21 ga wata, shi ya tafi gida da koriyar riga. Tadej Pogačar na Sulobeniya ne ya ci gasar gaba ɗaya, amma a Asmara sunan Bini ake rerawa a titi.

A nan kuwa, nawa daga cikinmu suka ma san an yi? A ranakun, hankalinmu yana kan Kofin Turai da cinikin 'yan ƙwallo. Ba laifi ba ne, kowa da abin da ke burge shi. Amma akwai abin dubawa a wannan labari, musamman gare mu 'yan Kano.

Bari mu ɗan warware yadda abin yake, don da yawa suna zaton tseren keke shi ne kowa ya danna feda iya ƙarfinsa. A bugun 2024 an yi zango 21 cikin mako uku, da hutun kwana biyu kacal, jimillar tafiya kusan kilomita 3,500. Ƙungiyoyi 22 suka shiga, kowacce da mahaya takwas. Kullum ana rubuta lokacin da kowa ya ɓata, a tara. Mai mafi ƙarancin lokaci shi ke sa rigar ruwan ɗorawa. Koriyar riga kuma ta mai yawan maki ce, makin da ake samu a gudun ƙarshen zango da wasu wurare a tsakiyar hanya. Babban abokin gaba shi ne iska. Wanda ya laɓe a bayan wani ba ya shan wahalar da na gaba ke sha, shi ya sa za ka ga mutum shida ko bakwai sun ƙarar da ƙarfinsu suna yanka wa mutum ɗaya iska, suna ɗauko masa ruwa, don ya ajiye ƙafarsa zuwa mita 200 na ƙarshe. Shi za a ɗauka a hoto, su kuwa ko sunansu ba kowa zai riƙe ba.

To Girmay ba daga sama ya faɗo ba. Turawan Italiya ne suka kai keke Eritiriya lokacin mulkin mallaka, mutanen ƙasar suka karɓe shi har ya zama wasansu na ɗaya. A Asmara ana rufe tituna a yi tsere, yara su fito kallo, wani ya ce shi ma sai ya gwada. Daga nan aka ga Girmay, aka kai shi cibiyar horo ta hukumar kekuna ta duniya a Suwizalan a 2018. A 2019 ya ci zango a gasar La Tropicale Amissa Bongo ta Gabon. A 2022 ya ci Gent-Wevelgem a Beljiyam, ya ci zango a Giro d'Italia, har murfin kwalbar murna ya buge shi a ido, dole ya fice daga gasar. Kafin shi ma akwai Daniel Teklehaimanot, wanda ya sa rigar gwanin hawan dutse a Tour ɗin 2015. Tsani ne mai matakala, kuma matakalar farko tana kan titin garinsu.

Ƙasar nan da ake magana, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Jihar Kano kaɗai ta haura miliyan 9 tun ƙidayar 2006.

Kuma ba wai keke baƙo ne a wurinmu ba. A Bompai kamfanin Raleigh ya yi masana'anta, a nan ake haɗa keken da iyayenmu suka yi ta taƙama da shi. Ka tambayi duk wani dattijo a Hotoro yadda ango yake ji ranar da ya sayi sabon keke. Da yawanmu a wurin mai hayar keke muka koyi tuƙi, da gwiwa duk ƙujewa. Har gobe, ka tsaya bakin titin Maiduguri bayan sallar asuba, za ka ga masu aiki a Bompai, har da masu tsallaka gari zuwa Sharaɗa da Chalawa, suna danna feda da kwanon abinci ɗaure a baya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin Adaidaita Sahu ya sa wasu sun kakkaɓe kekunan da suka jingine.

Sai dai mun mayar da keke alamar karayar arziki. Saurayi ya gwammace ya ci bashin kuɗin mai da a gan shi a kan keke a layin budurwarsa. A TikTok kuwa mai keke abin barkwanci ne. A titi ma haka: mai mota ya matse shi, mai Adaidaita ya yanke shi, tirela ta tura shi cikin yashi, in ya yi magana a ce da shi wa ya aike shi. Yaron da ya taso yana ganin ana yi wa babansa haka, ta ina zai yi mafarkin zama ɗan tsere?

Daga sama ma labarin bai fi haka daɗi ba. A Olamfik ɗin Faris, 'yan makonni bayan nasarar Girmay, Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren cikin fili da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Hukumomi sun ce gurbin ya zo ne a ƙurarren lokaci. To, mun ji. Amma ƙasar da ta gina filin tseren keke a Abuja tun wasannin Afirka na 2003 bai kamata ta je aron keke ba. Burkina Faso, da duk halin da take ciki, tana da Tour du Faso tun 1987. Ruwanda ta raini gasarta har ta kai ga karɓar gasar cin kofin duniya a Kigali a Satumbar 2025, karo na farko a Afirka.

Abin da muke nema daga hukumar wasanni ta jiha bai kai kuɗin ɗaukar ɗan ƙwallo ɗaya na kirki ba: gasar kwana uku a shekara, lokacin sanyi. Rana ta farko daga Hotoro ta Mariri zuwa Wudil a dawo, ta biyu hanyar Bichi, ta uku a zagaya cikin gari inda jama'a za su gani da idonsu. Abin da ake buƙata shi ne a rufe hanya na 'yan sa'o'i, a samu KAROTA da 'yan sanda, motar asibiti, hular kwano ga kowane mahayi, da alƙalai masu agogo waɗanda ba za su yi son kai ba. Kamfanonin Sharaɗa da Chalawa da Bompai da ke kashe kuɗi kan allunan talla, ga inda za su liƙa sunansu a ƙirjin yaran unguwannin da ma'aikatansu ke fitowa. A ware rukunin keken gida ma, mara giya, don kada abin ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai. Keken tsere na gaske ya fi babur tsada. A kuma yi rukunin 'yan mata, a tsarin da iyaye za su aminta da shi.

Wani zai ce ana fama da abin da za a ci, wa ke ta tseren keke? Maganarsa tana kan hanya, kuma ba mu ce gasa za ta sauke farashin shinkafa ba. Amma ranar da direba ya tsaya awa biyu saboda masu keke suna da hanya, akwai yiwuwar gobe ya bar wa lebura mai zuwa Bompai taku biyu a gefen kwalta.

Mu kuma ba sai mun jira gwamnati ba. Ku da kuke da kekuna a Hotoro da Tishama da Unguwa Uku, ku haɗu safiyar Lahadi kafin motoci su yi yawa, ku sa hula, ku auna lokacinku da waya, ku ɗora sakamakon a shafukanku. Duk ƙungiyar unguwar da ta fara, ta turo mana hotuna da lokutan. Za mu buga su a nan mako mai zuwa.