Gidan namun daji makaranta ce, amma wa zai kai yaran Tudun Jukun ajin?

Duk wanda ya haura shekara 50 a Zariya zai iya tuna lokacin da ungulu ke jere a kan rimi da rufin mahauta, tana jiran mahauta su zubar da tumbi. A yau, in aka tara yaran firamare a Tudun Jukun aka tambaye su wa ya taɓa ganin ungulu da idonsa, da wuya a samu hannuwa da yawa a sama. Sunanta suke ji a karin magana da tatsuniya, kamar yadda suke jin na zaki da giwa da kura. Tsuntsuwar da iyayensu ke kora da dutse ta zama labari cikin ƙarni guda, kuma babu wanda ya zauna ya faɗa wa yaran dalili.

Wannan giɓi ne ya kamata gidajen namun daji na gwamnati su cike, domin da kuɗin jama'a aka gina su, da kuɗin jama'a ake ciyar da dabbobin cikinsu.

Babban gidan namun daji da 'yan makarantar Zariya suka fi sani shi ne na Kano, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma yake ɗauke da sunansa har yanzu. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce daga Zariya. Fiye da shekara 50 ke nan gidan yana karɓar baƙi, musamman a kwanakin Sallah, inda cunkoso ke kaiwa har bakin titi. Sai dai mafi yawan masu shiga kallo ke kai su: a ɗauki hoto, a tsokani biri, a sha kayan sanyi, a dawo gida. Yaro zai tsaya gaban kejin zaki ya yi ta ihu, ya fita bai san cewa zakunan da suka rage a dazukan Najeriya ba su kai 50 ba a ƙiyasin masana, kuma a Yankari da yankin Kainji kawai ake sa ran samunsu.

Labaran da suka fi fitar da sunan gidan ma ba na ilimi ba ne. A watan Yunin 2019 aka wayi gari da labarin cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shigar Sallah, har gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu goggon biri a gidan. A watan Oktoba na shekarar kuma zaki ya kuɓuce daga kejinsa, mazauna kewayen gidan suka kwana cikin fargaba kafin a mayar da shi. A Kaduna kuma, hotunan wani zaki da ya rame har haƙarƙarinsa suka fito a wurin shaƙatawa na Gamji suka bazu a duniya. Jama'a sun yi dariyar na farko, sun tsorata da na biyu, sun ji kunyar na uku. Darasin da ke cikin ukun kuwa ɗaya ne: wurin da aka ɗauka a matsayin ƙofar karɓar kuɗi kawai, ba ya riƙe kuɗin, ba ya riƙe dabbar.

Akwai masu cewa a ƙasar da yara ke zaune a ƙasa a aji, malamai na jiran albashi, magidanci na neman na masara, maganar kashe kuɗi don koya wa yara darajar kura da kunkuru wasa da hankali ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba a amsa ta da cewa dabbobi abin sha'awa ne. Amsarta tana cikin lissafin asarar da mutane ke yi idan dabbar ta ɓace.

A ɗauki ungulu. Aikinta shi ne cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, kuma cikinta na da ƙarfin narkar da ƙwayoyin cutar da ke kashe wasu dabbobin. A Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu, saboda suna cin mushen shanun da aka yi wa allurar. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Wani bincike da masana tattalin arziki suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa ɓacewar ungulun ta jawo mutuwar ƙarin mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. A nan gida, ungulun da aka saba gani a mahauta ta shiga jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya tun 2015, kuma cikin manyan dalilan akwai guba da ake sa wa mushe da cinikin kanta da sassan jikinta a kasuwannin magungunan gargajiya da tsibbu. Mai sayen kan ungulu ba baƙo ba ne, maƙwabci ne. Doka kaɗai ba za ta hana shi ba, domin Najeriya na da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma ƙara mata tsanani a 2016, amma kasuwar ba ta tashi ba. Abin da ke rage mai saye shi ne yaron da ya girma ya san aikin tsuntsuwar.

Maƙwabta sun nuna cewa sauya tunanin jama'a na aiki. A Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kusan 50 a tsakiyar shekarun 1990. Da aka haɗa hana farauta da wayar da kan manoman yankin, aka kuma sa su cikin cin moriyar masu yawon buɗe ido, adadin ya haura 600. A 2018 har aka ɗebi wasu aka kai gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi. Nijar ba ta fi Najeriya kuɗi ba.

Ga yaron Zariya kuwa, gidan namun daji ya zama kusan hanya ɗaya tilo. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999, yana cikin jiharsa, amma matsalar 'yan bindiga ta sa babu shugaban makarantar da zai ɗauki yaran mutane ya nufi can. Dajin Falgore ma ya sha fama da ɓarayin shanu. Idan daji ya gagari yaro, to keji ne ajin da ya rage.

Sai dai akwai ƙorafi na biyu da ya fi na farko wahalar amsawa: me yaro zai koya daga dabbar da ke kwance cikin ƙazanta da yunwa? Zai koyi cewa wulaƙanta dabba ba komai ba ne. Wannan ya saɓa wa abin da ake karantar da shi a Islamiyya, inda ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Saboda haka kasafin ilimi da kasafin abinci da magani tare suke tafiya. Gidan da ba zai iya ciyar da zaki ba, gara ya rage yawan dabbobinsa ya kula da waɗanda zai iya.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Da farko, a ware wani kaso sananne na kuɗin shiga don sashen ilimi, a kuma riƙa bayyana abin da aka tara da abin da aka kashe. A ɗauki masu yi wa baƙi bayani da Hausa, a kafa allo a gaban kowane keji da ke faɗin sunan dabbar, inda take rayuwa, abin da take ci da abin da ke barazana gare ta, da boko da ajami. A keɓe ranakun makaranta da yaran makarantun gwamnati za su shiga kyauta.

Na biyu, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Kaduna ta sa irin wannan ziyara cikin tsarin darasin kimiyya, ta biya kuɗin mota. A halin yanzu makarantun kuɗi ne suka fi kai ɗalibansu, domin iyaye na biya. Ɗan mai facin taya a Tudun Jukun, wanda harajin mahaifinsa ke cikin baitulmali, shi ne ake bari a baya.

Na uku, Zariya na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Jami'ar Ahmadu Bello na da tsangayar likitancin dabbobi da masana ilimin dabbobi da tsirrai a Samaru. Ɗalibanta na iya shiga makarantun Tudun Jukun da Tudun Wada da cikin birni kafin ziyara da bayanta, su kuma fita da yara bakin Kubanni ko gindin dutsen Kufena su nuna musu tsuntsaye da ƙadangarun da suke wucewa kullum ba su san sunansu ba. Ranar 3 ga Maris, ranar namun daji ta duniya, da Asabar ɗin farko ta Satumba, ranar ungulu, sun isa zama mafari. Tsofaffin mafarauta ma a gayyato su, domin sun san sawun kowace dabba, kuma su ne shaidun abin da daji ya rasa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaran da ke aji huɗu a Tudun Jukun yau su ne manoma da mahauta da masu maganin gargajiya da kansilolin shekara 20 masu zuwa, kuma su za su yanke shawarar ko a sa wa mushe guba ko a bar shi, ko a sare rimi ko a ƙyale shi. Idan kasafin shekara mai zuwa ya zo gaban majalisun Kano da Kaduna, ya dace wani ɗan majalisa ya tashi ya tambaya: nawa aka ware don kai waɗannan yaran su gani, kuma wa zai tsaya ya yi musu bayani idan sun isa?