Manhajar boda ba a Abuja ake auna ta ba

Jama'a, abin nan ya ishe ni. Wani ɗan kwangila ya zo ofishinmu, wai cikin wata uku zai gama manhajar rajistar kaya. Na ce da me ka auna? Ya ce da yawan shafuka. Haba malam! Ka taɓa tsayawa a Magama Jibiya, tireloli sun yi layi, sabis ya ɗauke, ga babu wuta? Takardun Ɗan Issa da Faransanci suke zuwa, kuɗinsu sefa, namu naira. Nan wahalar take. A gutsuttsura aikin, a gwada shi duk sati biyu tare da jami'an bodar, sannan a faɗi lokaci da farashi. In ba haka ba, kuɗin talakawa ne za su salwanta.