Malam ya ƙi noma don zakka

Akwai wata magana da ta zama jiki ga malaman lakkol, daga Zabori har birnin Gaya: «Da na sami lokaci, da na rubuta littafi.» Wani yana jiran babban hutu, wani yana jiran ritaya, wani kuma ya zuba ido ga wata ƙungiyar Turawa ta kawo kuɗin bita. Wannan shi ne tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka.

Ba a musun wahalar malamin karkara. Aji cike yake maƙil, albashi yakan makara, dare ya yi ba lantarki, ga gona tana jira da damina. Amma tarihin adabin Hausa bai goyi bayan mai wannan uzuri ba. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, Abubakar Imam malami ne a makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, shi ma malamin makaranta ne a Bauci. Babu wanda ya ɗauke musu alli kafin su ɗauki alƙalami. Sai a 1936, bayan an ga aikinsa, aka kira Imam Zariya ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. Ashe wanda ya riga ya nuna aiki ake ware wa lokaci.

Mai cewa wannan labarin Najeriya ne, sai ya dubi gida. Bubu Hama ya fara da koyarwa, ya shugabanci Majalisar Dokokin Nijar daga 1958 zuwa 1974, kuma a cikin shekarun nan ne littafinsa na Faransanci, Kotia-Nima, ya ci babbar lambar adabin Afirka. Wane malami ne zai ce hidimarsa ta fi ta shugaban majalisa yawa?

Lissafin ba shi da wuya. Shekarar karatu tana farawa a Oktoba ta ƙare a Yuni. Wanda ya cika shafi ɗaya kullum bayan sallar asuba, kafin a buga ƙararrawa, zai shiga hutu da shafi sama da 250. Sa'ar da ake kashewa a majalisar shayi ta ishi wannan aiki har da ragowa.

Abin da ake hasara kuwa ba kaɗan ba ne. Tun 1973 aka fara koyarwa da Hausa a makarantar gwaji ta Damagaram, amma yaron da ya iya karatu, me zai karanta game da ƙasarsa? Tsofaffin da suka san tarihin Kyangawa, da sirrin dafa gishirin Foga, da waƙoƙin noma na ƙasar giginya, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Malamin ƙauye ne mai alƙalami mafi kusa da su, ba manazarcin Yamai ko na Faransa ba.

Su ma ƙungiyoyin al'adu suna da nasu laifi. Taron shekara da jawabai da rabon takardun yabo ba su haifar da littafi. Ya kamata kowace ƙungiya ta tsayar da rana ɗaya a wata, kowane mamba ya zo da shafukan da ya rubuta, ya karanta a gaban ƴan uwansa, a gyara masa. Wanda ya zo hannu rabbana sau uku a jere, a daina kiransa marubuci.