Akurki, Keji da Hanjin Kaza: Aikin da ke Jiran Masana Hausa

A kasuwar Sabon Garin Zariya kaji iri biyu ne ke gogayya: kajin Hausa da kajin turawa. Masu saye sun yi ittifaƙin cewa naman kazar Hausa ya fi ɗanɗano kuma ya fi jure wuta, suna danganta hakan da asalinta. Asali na da tasirinsa, haka ma shekaru, domin kazar turawa ta nama kan kai kilo biyu cikin mako shida zuwa bakwai, ita kuwa ta Hausa takan yi watanni kafin ta isa yanka. Sai dai akwai dalili na uku da ba a cika ambata ba, wato muhallin da kaza ta tashi a ciki. Ra'ayina shi ne ilimin wannan muhalli ya daɗe a hannun masana kimiyya, abin da ya hana shi isa ga masu kiwo kuwa har da gibin kalmomi, wanda cike shi aikinmu ne.

Tsarin kiwo uku ne a ƙasar Zazzau. Akwai sake, inda kaza ke yini tana tono ta kwana a akurki. Akwai ɗakin shimfiɗa, wanda ake baza wa ɓuntun shinkafa ko dusar katako. Sannan akwai keji, wanda aka fi sa wa kajin ƙwai. Kazar keji ba ta ɓarnar ƙarfi wajen yawo, kuma ta yi nesa da kashinta, don haka cutar kashin jini ba ta cika kama ta ba. Amma rashin motsi kan raunana ƙashinta. Ta ɗakin shimfiɗa tana da sarari, sai dai in shimfiɗar ta jiƙe warinta kan lalata numfashi, tafin ƙafa kuma ya yi gyambo. Ta sake ba ta saurin girma, namanta ya fi tauri da duhu da ƙarancin kitse, amma tana fuskantar shaho da tsutsar ciki da annobar hunturu. Muna cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Likitan dabbobi zai ƙara da cewa ta wannan kaskon cuta kan shigo.

Abin da ido ba ya gani yana cikin hanji. A ƙarshen hanjin kaza akwai wasu jakunkuna biyu da miliyoyin ƙananan halittu ke zaune a ciki, suna narkar da harzar abinci, suna kuma tare wa masu cutarwa wurin zama. Muhalli ne ke tantance irin waɗanda za su zauna. Ɗan tsakon da ke bin uwarsa yana samun nasa daga gare ta da kuma ƙasar da yake tono. Wanda inji ya ƙyanƙyashe kuwa yakan fara rayuwa da hanji kusan fayau. A 1973 masu bincike biyu a ƙasar Finlan, Nurmi da Rantala, sun nuna cewa ɗura wa 'yan tsaki abin da ke cikin hanjin lafiyayyar babbar kaza yana kare su daga salmonela.

A nan ne harshe ya shigo. Kalmar da rediyo da littattafanmu suka saba da ita ga waɗannan halittu ita ce ƙwayoyin cuta. Sunan ya riga ya yanke hukunci. Mai kiwon da aka gaya wa cewa hanjin kazarsa cike yake da ƙwayoyin cuta, me zai hana shi zuba maganin kashe su a ruwan sha kullum? Haka da yawa ke yi, su kashe masu amfani tare da masu cutarwa, waɗanda suka tsira kuma su daina jin magani, ragowar maganin ya biyo nama da ƙwai zuwa tukunyarmu. Tarayyar Turai ta hana amfani da irin waɗannan magunguna don ƙara girma tun 2006, ta kuma haramta matsattsen kejin kajin ƙwai a 2012.

Za a iya cewa wannan gonar masana aikin gona ce. Amma a dubi Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta haɗa Tsangayar Likitancin Dabbobi da cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa da kuma sashen da ake nazarin Hausa a gari guda. Ga Shika nan kusa, inda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta samar da kazar ƙwai ta ShikaBrown domin yanayinmu. A Jaji kuma, kan hanyar Kaduna, aka fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani a Nijeriya cikin Fabrairun 2006. Da ilimin da buƙatarsa duk a ƙofar gida suke, amma sakamakon bincike na fita da Ingilishi, alhali matan da ke riƙe da mafi yawan kajin karkara da Hausa suke tunani.

Shawarata biyu ce. Ta farko, a zauna da likitocin dabbobi a daidaita kalmomi: a ware ƙwayoyin cuta ga masu cutarwa, a samar da suna marar hukunci, kamar ƙananan halittun hanji, ga sauran. Ta biyu, a tura ɗalibai ƙauyukan Zazzau da rumfunan kaji na Sabon Gari su tattaro sunayen cututtuka da dabarun gina akurki daga bakin masu kiwo, kafin kalmomin aro su binne su. Babu tsarin kiwon da ya fi sauran ta kowace fuska. Mai kiwo ne zai auna jarinsa da filinsa da kasuwarsa ya zaɓa. Haƙƙinsa a kanmu shi ne mu ba shi kalmomin da zai yi wannan awo da su.