Daga Hattusa zuwa Birnin Lalle: Wa zai fara tona tarihin Gobir, masana ko 'yan kasuwa?

A watan Satumbar 2023, masu tonon kayan tarihi a kufan Hattusa da ke ƙasar Turkiyya sun sanar da gano wani allon yumɓu mai ɗauke da rubutu cikin harshen da ba a taɓa sani ba, wanda aka danganta da ƙasar Kalashma. An samo shi ne bayan fiye da shekara 100 ana aiki a wuri guda. Wannan labari ya shafi mutanen Dakoro a jihar Maraɗi, domin a gundumarsu ne Birnin Lalle yake, garin da tarihin baka ke cewa ya taɓa zama gidan sarautar Gobir.

Hattusa ita ce babban birnin Hittiyawa, daular da ta rushe wajen shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1906 Bajamushe Hugo Winckler da Theodor Makridi na gidan tarihin Istanbul suka fara tono a wurin. Zuwa yau an tara allunan yumɓu da gutsattsarinsu kusan 30,000, ciki har da yarjejeniyar sulhu da Fir'auna Ramses na biyu. A 1915 Bedrich Hrozny ya warware harshen, a 1986 kuma UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Sirrin aikin shi ne haƙuri. Ana kankare ƙasa hawa-hawa, ana rubuta zurfin da aka sami kowane tsingaro, ana ɗaukar gawayi da ƙashi a gwada shekarunsu. Tukunyar da aka fizgo daga rami ba tare da an rubuta inda take ba ta zama kayan ado kawai, labarinta ya tafi. Turkiyya kuma ta riƙe lasisin tono a hannunta: a 2011 ta yi barazanar janye na Jamusawa, a shekarar kuwa Berlin ta mayar mata da wani babban mutum-mutumin dutse na Hattusa.

A ɓangaren Gobir, masu ba da tarihi sun yarda cewa Gobirawa sun gangaro daga Azbin, sun zauna a Birnin Lalle, daga baya suka kafa Alkalawa, wadda ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, kafin a kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Inda ruwayoyin suka saɓa shi ne lokaci: yaushe aka zauna a Birnin Lalle, kuma shekara nawa aka yi? Irin wannan tambaya ƙasa ce ke iya amsa ta. An ga misali a Kufan Kanawa da ke jihar Damagaram, inda Anne Haour ta yi tono a farkon shekarun 2000, ta gwada shekarun zaman wurin da ake cewa daga nan Kanawa suka taso.

Sai dai Nijar ta riga ta ɗanɗana ɗacin jinkiri. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, a 1983 Boube Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya tone ta bisa ƙa'ida. Da aka nuna gumakan yumɓun Bura a Faransa a farkon shekarun 1990, sai kasuwa ta buɗe. Mutanen ƙauyuka suka shiga haƙa, dillalai na saye da arha suna fitarwa Turai, har a 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 tana nan, amma ba ta hana wani dutsen da ya faɗo daga duniyar Mars a jihar Agadas fita ba. A Yulin 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5 da 'yan kai, sannan gwamnati ta buɗe bincike.

Ba lallai ne a sami rubutu a Birnin Lalle kamar na Hattusa ba. Amma tsingaro, kashin maƙera, gawayi da ragowar ganuwa sun isa su faɗi abin da mutane suka ci, da wa suka yi ciniki, da lokacin da suka tashi. Matakin farko ba ya buƙatar kuɗin Jamus: magajin gari da sarakunan gargajiya su shata iyakar kufan, a hana haƙa da ɗibar ƙasa, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da IRSH su zana taswirar wurin.

Mazauna ƙetare ma suna da rawar takawa. Kasuwar waɗannan kaya tana biranen da suke zaune, kuma wani lokaci a jakar matafiyi ake fitar da su. Ƙin ɗaukar irin wannan saƙo, da tara kuɗin da zai kai ɗalibai biyu ko uku Dakoro su yi aikin taswira, abu ne da ƙungiyar 'yan gari guda za ta iya.