Wayata ta san jirgi ya iso, mai tsani bai sani ba

Na je tarbon gwaggona a wani filin jirgin sama na yankinmu, ba zan faɗi sunansa ba. Tun jirgin na sama nake bin sa a Flightradar24 cikin wayata, na ga lokacin da ya fara sassauko, na ga ya sauka. Sai shiru. Jirgi tsaye cikin rana, ƙofa rufe, ana neman mai tura tsani. Tsohuwa mai ciwon suga tana ciki. Kaya kuwa, kada ma a yi zancen.

To ƴan'uwa, ku gaya mini: ni da ba ma'aikacin kowa ba na san mintin da zai sauka, ta yaya waɗanda aikinsu ke nan za su ce ya zo musu ba zata?

Ba tsafi ba ne. Jiragen fasinja na zamani suna ɗauke da na'urar ADS-B, wadda ke shelar inda jirgi yake, tsayinsa da gudunsa, kusan kowace daƙiƙa, har yana tafiya a ƙasa. Ƙaramar eriya bisa rufin ɗaki tana kama saƙon. A Turai sun haɗa irin wannan bayani da tsarin da suke kira A-CDM, wanda filin Munich na Jamus ya fara aiki da shi a 2007: hasumiya, kamfanin jirgi, masu mai da masu kaya duk agogo ɗaya suke kallo. Kowa ya san wurin da jirgi zai tsaya da lokacin da zai bar shi.

Za a ce babu kuɗi. Kananzir ɗin da jirgi ke ƙonawa yana jira fa, kyauta ne? A kuɗin tikitinmu yake fita. Za a ce tsaro. Wallahi ba jiragen soja nake zance ba, jirgin alhazai da ƴan kasuwa nake nufi, wanda duk mai waya ke gani. Masana ma ba mu rasa ba: makarantar EAMAC ta ASECNA nan Yamai take, tana horar da ƴan Afirka masu kula da zirga-zirgar jirage.

Abin da nake nema ƙarami ne. Kowane wata a buga mana, jirgi bayan jirgi: ƙarfe nawa ya sauka, ƙarfe nawa aka buɗe ƙofa, ƙarfe nawa jakar farko ta fito. Lokacin sauka muna da shi a wayoyinmu, sauran biyun muke jira.